Ƙamshin da ake zuba wa abincin ƙananan dabbobi: inda yake aiki da inda yake rufe ɓarna

Duk wanda ya taɓa yaye 'yan tumaki ko maruƙa ya san yadda makon farko yake. An raba su da uwa, komi cike da dusa da ɓarzajjiyar dawa, amma ɗan dabba na can jikin danga yana kuka har muryarsa ta dushe. Ya zo ya shinshina abincin, ya kau da kai, ya koma inda ya fito. Kafin kwana goma kwiɓinsa ya faɗa, gashinsa ya tashi, jikin da nono ya gina masa cikin wata uku ya fara zubewa. A nan Gadarif ta ƙasar Sudan, inda da yawanmu Hausawa muke haɗa noman dawa da riɗi da ɗan kiwo a bayan gida, wannan makon ne ke nuna maka ko ragon da ka sa rai da shi zai kai layya da jiki, ko kuwa haka zai tashi a tsumbure.

Wannan damuwar ce ta samar wa wani kaya kasuwa a shagunan maganin dabbobi: hoda, ko ruwa a 'yar jarka, mai ƙamshin fanila ko madara ko yansun (wani iri mai ƙamshi da ake dafawa kamar shayi) ko hulba, wani lokaci lemo. Mai shago zai buɗe maka murfi ka shaƙa, ya ce ka barbaɗa kaɗan ka ga yadda za su rufar wa komi. Wasu buhunan abincin ma da ƙamshin a ciki suke fitowa tun daga masana'anta. 'Yan'uwa na yawan tambaya, gaskiya ne ko dabarar cin kuɗi ce? Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta kai faɗin da ake tallata ta ba, kuma akwai inda ƙamshin nan yake zama haɗari. Ba za a gane ko ɗaya daga cikin biyun ba sai an leƙa cikin ɗan dabbar tukuna.

Cikin saniya da tunkiya da akuya ɗaki huɗu ne. Babban cikinsu shi ne tumbi, wanda mahauta ke kankare mana, mai kama da tawul ta ciki. A babbar dabba tumbi ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na cikin gaba ɗaya, kuma a nan ciyawa ke jiƙa, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna narkar da ita. Ranar da aka haifi maraƙi kuwa ba haka abin yake ba. Tumbinsa ƙarami ne, sumul, babu halittun nan a ciki. Ɗaki na huɗu, wanda yake aiki irin na cikin mutum, shi ya ɗauke fiye da rabin wurin. Idan maraƙi ya kama nono yana tsotso, akwai wata kwata a ƙarshen maƙoshinsa da ke naɗewa ta zama kamar bututu, nonon ya wuce tumbi ya zuba kai tsaye a ɗaki na huɗu. Ma'ana, komai yawan nonon da ya sha, ba shi ne zai gina masa tumbi ba.

Hatsi ne ke wannan aikin. Idan ɗan dabba ya haɗiye 'yar ɓarzajjiyar dawa ko dusa, sai ta faɗa tumbi ta yi tsami, ta fitar da wasu sinadarai, musamman wanda ake kira butirik, kuma su ne ke sa 'yan tsirarrun nan masu kama da gashin tawul su tofo su yi tsawo. Ta jikinsu ne daga baya dabba ke tsotse amfanin abin da ta ci. Ciyawa da harawa suna buɗa tumbi su ƙara masa ƙarfi, amma tsirarrun sun fi jin hatsi. Aikin kuma ba na kwana ɗaya ba ne, yana ɗaukar mako uku zuwa huɗu daga lokacin da ɗan dabba ya fara cin hatsi kullum. Shi ya sa masu shanun madara irin Firiziyan ba sa yaye da ƙirgen kwanaki kawai, sai sun ga maraƙi yana cinye kilo 1 zuwa 1.5 na abincinsa a rana, kwana uku a jere. Ga 'yan tumakin da aka raina da kwalba, ana neman wajen giram 250. Maruƙanmu na Kenana da Butana ba su kai girman Firiziyan ba, don haka nasu awon bai kai haka ba, amma ƙa'idar ɗaya ce. Kukan da muke ji a makon yaye, tushensa wata guda ne kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To me ke hana shi ci da wuri? Hanci da harshe. Saniya tana da 'yan ƙwayoyin jin ɗanɗano kimanin 25,000, mutum kuwa bai cika wuce 10,000 ba, kuma wajen jin wari ta yi mana nisa. Sannan Allah Ya halicci dabbar kiwo da shakkar baƙon abinci. Ba wauta ba ce. A daji akwai zaƙami, akwai gyauron dawa da ke kayar da saniya cikin ƙanƙanen lokaci, don haka dabbar da ke afka wa duk abin da ta gani ba ta daɗewa. Abin da take yi shi ne ta ɗan taɓa kaɗan, ta jira ta ji yadda ciki zai karɓa, gobe ta ƙara. Ɗan da bai san komai ba sai nono ya fi kowa wannan taka-tsantsan. Abin da masu haɗa ƙamshi suke ƙoƙarin yi shi ne gajarta wannan jiran, su sa loma ta farko ta zo da wuri.

Abin da ke cikin jarkar iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su a baki. Akwai mai kiran hanci, wato ƙamshi zalla, wanda ake samu daga man tsirrai kamar yansun da ɓawon lemo, ko a haɗa shi a masana'anta kamar yawancin fanilar da ke kasuwa. Akwai kuma mai aiki a harshe, wato kayan zaƙi. Mafi shahara a cikinsu sakarin ne, wanda aka gano a Amurka a 1879, zaƙinsa ya ninka na sukari kusan sau 300, amma ba ya ba jiki ƙarfin komai, kuma idan ya yi yawa ɗaci yake komawa. Ana haɗa shi da wani da ake samu daga ɓawon lemo mai ɗaci don ya gyara masa baya. Duk waɗannan kaɗan ake sa wa, daga 'yan ɗaruruwan giram zuwa wajen kilo guda a cikin tan ɗaya na abinci. A dokar Tarayyar Turai ta 2003 kan abubuwan da ake ƙara wa abincin dabbobi, an ware musu aji na daban, na abubuwan da ke gyara launi ko ƙamshi ko ɗanɗano. Ba a sa su cikin ajin masu gina jiki irin su bitamin da ma'adinai ba. Wannan rabon kaɗai ya isa ya gaya maka matsayinsu.

Akwai wani abu da mai saye ke mantawa a shago: hancinsa ne ya yanke hukunci, ba na maraƙi ba. A dazuzzukan Afirka ta Yamma akwai wani tsiro da mutanen kudancin Najeriya ke naɗe alale da ganyensa, a cikin 'ya'yansa akwai sinadarin taumatin, wanda zaƙinsa a harshen mutum ya ninka na sukari fiye da sau 2,000. Amma dabbobi da yawa ba sa jin wannan zaƙin ko kaɗan, haka ma aspatem da ake sa wa lemon kwalba marar sukari. Kaza kuwa ba ta ma da abin jin zaƙi a harshenta irin namu. Ƙari a kan haka, kaso mai yawa na binciken da aka gina wannan kasuwa a kansa, a kan 'ya'yan aladu aka yi shi a Turai da Amurka, kuma cikin alade ɗaki ɗaya ne. Ba duk abin da ya yi aiki a can ne zai yi aiki ga ɗan akuyar Nuba ba. Wani ƙamshin, tsakani da Allah, don mai biyan kuɗi aka zuba shi.

A kan maruƙa da 'yan tumaki ma an yi gwaje-gwaje da dama, kuma akwai wani abu da ke yawan maimaituwa a cikinsu wanda 'yan talla ba sa faɗa. Idan aka ajiye wa ɗan dabba komi biyu, ɗaya da ƙamshi ɗaya babu, sau da yawa zai fi zuwa mai ƙamshin. Wannan sakamakon ne ake bugawa a takardar talla. Amma idan aka raba dabbobin gida biyu, kowane gida da komi ɗaya tak, aka auna abin da suka ci cikin makonni, sai bambancin ya ragu sosai, wani lokaci ya ɓace gaba ɗaya. Fifita abu daban, ƙara yawan ci daban. Yaron da aka ba zaɓi tsakanin tuwo biyu zai ɗauki mai miyar da ta fi masa daɗi, amma hakan bai nuna cikinsa ya ƙara faɗi ba. Inda ake ganin amfani a fili shi ne kwanakin farko na sabon abinci, ko ga dabbar da tun asali ba ta da cin kirki, ko lokacin da aka canza haɗi.

Dalilin ragewar ya fito sarai a aikin wani masani, Fred Provenza na Jami'ar Jihar Utah a Amurka, wanda ya shafe shekaru da ɗalibansa suna nazarin yadda tumaki ke zaɓar abinci. Sukan ba 'yan tumaki busasshen kara mai wani ƙamshi, sannan su zuba musu sitaci kai tsaye cikin tumbi ta bututu. Ba da jimawa ba sai tumakin su riƙa neman wannan ƙamshin, domin jiki ya haɗa shi da ƙarfin da ya samu. Idan kuma bayan sun ci aka ba su abin da ke tayar da zuciya, sai su guji ƙamshin, komai son da suke masa a da. Wato harshe da hanci 'yan aike ne, ciki ne ke aiko da amsa. Idan ka shafa wa ƙaiƙayi fanila, za su zo yau, su zo gobe, jibi ciki ya sanar da su babu komai a ciki. Idan kuwa abincin ya ɓata musu ciki, ka yi asara biyu, domin yanzu ƙamshin da ka saya shi ne alamar da za su riƙa gudu da ita, ko da ka zuba shi a abinci mai kyau.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne yadda binciken ya dawo kan abin da iyayenmu mata ke yi ba tare da sun karanta ba. A Ostiraliya, cikin shekarun 1980, an nuna wa 'yan tumaki masu mako shida alkama na 'yan kwanaki, wasu tare da iyayensu da suka saba cinta, wasu su kaɗai. Waɗanda suka ga uwa tana ci, ko bayan kusan shekara uku da aka sake kawo musu alkama sun ci ba gardama, sauran kuwa da ƙyar. Mutanen Ostiraliya ba don nishaɗi suka yi wannan aikin ba. Suna loda tumaki a jirgin ruwa zuwa ƙasashen Larabawa, kuma ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe su a hanya shi ne ƙin cin abincin da ba su saba da shi ba. Mu ma namu ragunan Hamari da Kabbashi daga makiyaya ake kwaso su zuwa tashar jiragen ruwa ta Sawakin, daga can a haye da su Jidda, kuma wanda bai taɓa sa baki a komi ba shi ne ke fara ramewa. Na tuna Inna, Allah Ya jiƙanta, takan jiƙa dusa da ɗan ruwan kanwa, ta zuba wa tunkiya a tsohon kwano ƙasa-ƙasa yadda ɗan zai kai, sannan ta lakato da yatsa ta goga masa a baki. Ya lashe don ya share bakinsa, ya ɗaga kai ya ga uwa na cin abu iri ɗaya. Ba ya kwana uku bai sa kai a kwanon ba.

Daga nan ne dabara mafi ma'ana a cikin wannan kasuwa ta fito. Ƙamshin abin da uwa ta ci yana ratsawa cikin nono. An gwada ba 'yan tumaki madara mai ƙamshin albasa ko tafarnuwa, bayan yaye suka fi karkata ga abinci mai wannan ƙamshin. Don haka idan za ka yi amfani da ƙamshi, ka sa iri ɗaya a abincin uwa, ko a madarar da kake ba maraya da kwalba, da kuma abincin da kake so ya koma wa. A nan ƙamshin yana gaya masa cewa wannan ba baƙo ba ne. Hulbar da ke kowace kasuwa a ƙasar nan, wadda matanmu ke sha bayan haihuwa, tana da ƙamshi mai kama jiki, kuma ba sai ka jira ta zo a jarka daga waje ba.

Yanzu ga ɓangaren da ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, masana'antun Khartoum suka tsaya, abincin da muka saba saye ya yanke. Sai buhuna marasa suna suka cika kasuwa, kowa na haɗa nasa. Ƙarshen daminar da ta biyo baya ina da 'yan tumaki goma sha ɗaya da zan yaye, na sayi buhu biyu a wurin wani mai haɗi. Da ya kwance bakin buhun, ƙamshin madara da fanila ya bugi hancina, kamar ka shiga shagon biskit. Kwana uku na farko 'yan tumakin suka ci har da ture juna. A rana ta biyar suka fara bari. A ta bakwai biyu suna zawo, ɗaya ya kwanta.

Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya taso a Mai Wurno kusa da Sinnar kuma da kiwo ya tsufa, ya shigo da yamma. Na ce, "Baffa, ku duba mini dabbobin nan, ban gane kansu ba." Bai nufi dabbobin ba, buhun ya nufa. Ya naɗe hannun riga ya zura hannu har gwiwar hannu, ya damƙo daga ƙasa. Abin ya fito a dunƙule, da ɗumi. Ya murje shi a tafinsa, ya shanya a kan faranti a bakin rana, ya ce mu je mu yi la'asar. Da muka dawo fanilar ta tashi. Warin da ya rage irin na ɗakin da aka rufe tun damina ne. A cikin gutsattsarin tunkuzar gyaɗa, wadda a nan ake ce wa ombaz, ga fumfuna nan kore-kore mai ratsin rawaya. Ya ɗora ɗan guntu a harshe ya tofar. Ya ce, "Ɗan nan, da ba a fesa wa wannan turare ba, ko akuyar da ta kwana uku da yunwa ba za ta taɓa shi ba. An toshe musu hanci ne." Mun haƙa rami muka binne buhunan. Goma suka tashi, wanda ya kwanta bai tashi ba.

Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara da dawa idan an adana su da danshi tana iya fitar da guba mai suna aflatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon tunkuzar gyaɗa da aka kai daga Brazil. Hanta take ci, tana hana girma, tana raunana garkuwar jiki, kuma idan saniyar tatsa ta ci, wani kaso yana fitowa a nonon da yaranmu za su sha. Ƙananan dabbobi sun fi manya jin ta, shi ya sa Tarayyar Turai ta yarda da maikurogiram 20 (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kilo ga ɗanyen kayan haɗi, amma ga abincin maruƙa da 'yan tumaki da 'yan awaki ta tsaya a 5. Ita gubar kanta ba ta da wari, don haka abinci na iya ɗauke da ita hanci bai ji komai ba, sai ɗakin gwaji. Amma mu da ba mu da ɗakin gwaji a kusa, warin fumfuna da ƙin cin dabba su ne kaɗai masu yi mana gargaɗi. Wanda ya zuba ƙamshi a kan ruɓaɓɓen ombaz ya kashe wannan gargaɗin da gangan, kuma ni ban san sunan da zan kira shi da shi ba face ha'inci.

Ba duk rufe ɗanɗano ne ha'inci ba. Dawar fatarita da muke nomawa a nan tana da ɗan bauri saboda sinadarin tanin da ke ƙarƙashin ɓawonta, haɗin ma'adinai yana da ɗaci, haka wasu magungunan da ake sa wa a abinci. Waɗannan ba guba ba ne a ƙa'idarsu, ɗan zaƙi zai taimaka su wuce. Wanda nake ja wa kunne a kai shi ne tunkuzar auduga, wadda muke samu daga audugar yankin Jazira. Tana ɗauke da gosifol, wanda tumbin babbar dabba ke iya rage masa kaifi, amma ɗan da tumbinsa bai tashi ba ba shi da wannan kariya, zuciyarsa take taɓawa. Haka takin yuriya da wasu ke damawa da molas, baƙin ruwan rake, don turka. Ga babba da ya saba, da awo, yana da amfani. Ga ɗan wata guda kuwa ajali ne, kuma zaƙin molas ɗin ne zai sa ya sha da yawa.

Shi kansa molas, baƙin ruwan nan mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari daga rake, ina ganin ya fi yawancin abin da ke cikin jarka dacewa da mu, a duk lokacin da ya samu. Ƙasar nan tana da masana'antun sukari a Kenana da Assalaya da Sinnar da Junaid da Sabuwar Halfa, ko da yake yaƙi ya tsayar da aikin wasunsu. Fifikonsa a kan sakarin shi ne zaƙinsa na tafe da ƙarfin da jiki zai samu, don haka amsar da ciki zai aiko ta dace da alkawarin harshe. Yana kuma kwantar da ƙura, abin da ƙananan dabbobi suka tsana, domin gari mai laushi yana shiga musu hanci. Wajen kashi 5 cikin 100 na haɗin ya wadatar. Idan ya yi yawa abinci ya danƙare, ƙudaje su taru, ciki ya sake.

Sai ruwa, wanda da yawa ke hana maraƙi suna cewa ai yana shan nono. Nono ba ya shiga tumbi, mun faɗa, ruwan da ya sha daga bokiti shi ke shiga, kuma halittun da ke narkar da hatsi ba sa rayuwa a busasshen wuri. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 1984, maruƙan da ba a ajiye musu ruwa ba sun ci ƙasa da na sauran da kusan kashi ɗaya cikin uku, ƙibarsu ma ta ragu fiye da haka. Wannan a ƙasa mai sanyi ke nan, balle mu da bazara ke haura digiri 40. Ban taɓa ganin ƙamshin da ya yi alkawarin ƙara ci da kashi ɗaya cikin uku kuma ya cika ba. Wannan zafin ma shi ke korar ƙamshin kansa: buhun da ya yi wata biyu a buɗe ƙarƙashin kwano, abin da ka biya kuɗi dominsa ya riga ya bi iska. Kuma da yake 'yan giram ne ake sa wa, in ba ka fara cuɗa shi da mudun dusa ba sannan ka juya cikin sauran, wani gefe zai yi ɗaci wani gefe babu komai.

Wanda duk da haka yake son gwadawa, ban ce kada ya saya ba, musamman mai rainon maraya ko mai sayo 'yan tumaki daga kasuwanni daban-daban ya haɗa su a turke ɗaya. Amma ya sayi ƙamshin daban, ya sayi dawarsa da dusarsa da ombaz ɗinsa daban, ya shinshina kowanne kafin a haɗa. In kuwa haɗaɗɗe ne, ya ɗebo daga ƙasan buhu ya shanya a rana awa guda kafin ya biya. Sannan kada ya yarda da ido, domin rububin ranar farko yana ruɗi. Ya raba dabbobin gida biyu masu shekaru da girma kusan ɗaya, abinci iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, ƙamshin kawai ya bambanta. Ya auna abin da ya zuba da safe, ya auna abin da ya rage washegari. Kowace Juma'a ya sa ɗan tunkiya a buhu ya rataya a sikelin da ake auna riɗi, ya rubuta, har mako huɗu. Sai ya ɗauki bambancin kilo tsakanin gida biyun ya kwatanta da kuɗin jarkar a farashin ranar.